Digiri Ɗaya a Ɗakin Baba Tela

A makarantar sakandaren da ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyarwa, ba mai kiran ta da sunanta na yanka. Malama Bari-mu-ce ake ce mata. Har shugaban makaranta yakan kira ta haka in ya sha'afa, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Wato Malamar lissafi."

Sunan ya samo asali ne daga yadda take koyarwa. Irin tambayoyin aljabaran nan da ke zuwa cikin labari, waɗanda yara ke gudu, su ne abin sonta. Takan ce a karanta labarin sau uku. Na farko don jin daɗi, na biyu don a tsinto lambobi, na uku don a gano abin da mai tambaya ya ɓoye. Daga nan sai ta ɗaga alli ta ce, "Abin da ba ka sani ba, fara raɗa masa suna tukuna. Bari mu ce x." Kafin ta rufe baki ajin duk ya amsa mata.

In aka zo babin logaridim, wanda yara ke kira log, nan take fi sakin jiki. Takan rubuta lamba da x a saman kanta, ta ja da baya tana kallon allo ta riƙe ƙugu.

"Kun ga ɗan banzan nan? Ya haye rufi ya zauna kamar kazar da ta ƙi shiga akurki. Da jifa za mu sauko da shi?"

"A'a, Malama!"

"To da me?"

"Da log!"

'Yar tela ce. Mahaifinta, wanda unguwa ke kira Baba Tela, bai wuce aji uku ba a boko, amma in ya kalli mutum sau ɗaya ya san yadi nawa zai ci. Tun tana shekara shida yake sa ta riƙe masa bakin tef, yana faɗin awo tana rubutawa a jikin kwali. In ta yi kuskure ba ya faɗa, sai ya yanka takarda a kan awonta ya miƙa mata ya ce ta nemo mai wannan wuyan a unguwa. Mahaifiyarta ta rasu tana kwalejin malamai. Da ta yi aure, idon tsoho kuma ya fara ja da baya, sai mijinta, mai gyaran wuta ne, ya gyara ɗakin da ke bakin ƙofar gida, ya ja masa waya, ya sa fanka, suka ɗauko Baba da kekensa na ɗinki. Ba ya ɗinkin kuɗi kuma, sai faci da gyaran ƙafar wando na yaran maƙwabta. Kowace safiya, bakwai da kwata, Malama kan tsaya a ƙofarsa da kofin shayi a hannu da jaka a kafaɗa, ta ƙwanƙwasa, ta shiga, su gaisa, ta wuce makaranta. Shekara tara suna haka.

Wata Litinin da yamma tana neman allura a aljihun keken, sai hannunta ya faɗa kan ƙwayoyi. Maganin hawan jininsa ne, na wajen mako uku, a naɗe cikin ƙyalle. Duk safiyar da ta miƙa masa, ashe a tafin hannu yake riƙewa har ta fita.

"Baba, mene ne wannan?"

"Jiri yake sa ni. Ba na ganin ramin allura in na sha."

Ba ta san lokacin da muryarta ta tashi ba. Ta ce masa allura ta fi ransa ne? Ta ce so yake ya faɗi ya bar ta da jinya? Ta faɗi wasu maganganun da har yau ba ta maimaita wa kowa ba. Tsohon ya bar ta ta gama, sannan ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Tunda na haife ki ban taɓa jin muryarki ta kai nan ba," ya ce. "Ja min ƙofar."

Washegari, Talata, mijinta ya fita aiki da sassafe, 'ya'yansu mata biyu suna makarantar kwana. Bakwai da kwata ta tsaya a ƙofar da shayi. Ta ƙwanƙwasa sau ɗaya.

"Baba, na tafi."

Shiru. Ta ɗan jira. A ranta ta ce fushi yake yi, kuma ita ma fushinta bai gama sauka ba. Ta ajiye kofin a kan kujera 'yar tsuguno da ke bakin ƙofar, ta kife masa faranti, ta fita.

Da ta dawo wajen biyu da kwata, kofin yana nan yadda ta bar shi, tururuwa sun kewaye gindinsa. Ta tura ƙofar. Yana kwance a gefensa na dama, fuska ga bango, ya ja mayafi zuwa ƙugu. Ta kira shi, ta taɓa ƙafarsa. Ba takalmi ta ruga zuwa gidan maƙwabciyarsu, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta na asibiti. Nas ta zo da jakarta, ta taɓa wuya, ta ɗaga ido, sannan, don hannu ya saba, ta sa masa ma'aunin zafi. Bayan awa ɗaya likitan ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layi ya iso, shi ma ya auna, ya tambayi Nas abin da ta gani, ya rubuta duka biyu a bayan wani kati. Ya ce da alama jijiya ce ta fashe a kai. A cikin hayaniyar mutane wani ya danƙa wa Malama katin, ta jefa a jaka ba ta duba ba.

Ta yi kuka irin na kowa, ta karɓi gaisuwa, ta koma aiki. Wata uku ba abin da ya faru.

Sai zangon da 'yan ajin ƙarshe ke yin log ya zo. A littafinsu akwai wata tambaya ta tara, wadda ta shekara goma sha huɗu tana koyarwa, kuma tana jin daɗinta, don a ranar takan ce wa yara yau kowa ɗan sanda ne. Ta buɗe shafin ta fara karantawa da ƙarfi kamar kullum. An tsinci gawar wani mutum a ɗakinsa. Da aka auna zafin jikinsa ya kai kaza, bayan awa ɗaya ya sauka zuwa kaza. Idan zafin ɗakin kaza ne, kuma jikin mai rai digiri talatin da bakwai ne, nemo lokacin da...

Ta tsaya. Yara suna jira ta ce bari mu ce. Allin ya karye gida biyu a hannunta.

"Ku yi ta goma," ta ce, ta fita.

Ofishin malamai ba kowa, duk suna aji. Ta zazzage jakarta a kan tebur, ga katin a can ƙasa, ya naɗe, jan biro ya ɓata gefensa. Biyu da rabi, talatin da uku. Uku da rabi, talatin da biyu da ɗigo shida. Lambobi biyu, tsakaninsu awa ɗaya, daidai yadda littafi ke bayarwa. Abu ɗaya ne babu, zafin ɗakin. Ta ce a ranta bari mu ce talatin.

Hannunta ya yi aikin da ya saba. Ta cire zafin ɗaki daga kowane awo, ta raba, ta ɗauki log ta samu saurin hucewa. Ta sake ɗaukar log, lokaci ya sauko daga rufi. Awa biyar da minti hamsin da biyar kafin biyu da rabi. Ƙarfe takwas da minti talatin da biyar.

Ta zura wa lambar ido. Wato lokacin da ta tsaya a ƙofar yana da rai. Yana da rai, kuma ya yi sauran awa ɗaya da minti ashirin a bayan ƙofar da ba a kulle take ba, ita kuwa tana aji tana ba yara dariya. Ko ya ji ta ya ƙi amsawa, ko ya ji ta ya kasa.

Can sai wata zuciyar ta ce, wa ya ce talatin ne? An yi ruwa ranar Lahadi, garin da sanyi-sanyi. Ta ja layi, ta sake da ashirin da takwas. Bakwai da minti ashirin da bakwai. Minti goma sha biyu bayan tafiyarta, tana bakin titi tana jiran mota ke nan. Ta sake da ashirin da bakwai. Bakwai da minti shida. A wannan lissafin ya riga ya cika da minti tara kafin ta ƙwanƙwasa, kuma da ta shiga ma gawa za ta tarar.

Ta ji wani sauƙi ya ratsa ta tun daga wuya har gwiwa. Sannan ta gane abin da take wa murna. Zaune take a ofishin malamai, da rana tsaka, tana fatan mahaifinta ya mutu da wuri. Ta kife takardar. Da aka kaɗa ƙararrawa malamai suka shigo, suka same ta tana jera kayan jaka ɗaya bayan ɗaya, malamin tarihi har yana tsokanar ta wai ko ta buɗe shago ne.

Tun daga ranar digiri ɗayan nan ya zauna mata. Ta ari ma'aunin zafi daga malamin kimiyya, ta ce na kwana biyu, ta rataye shi a ƙusar da Baba ke rataye hula. Ta ware littafi guda. Da safe kafin ta fita ta duba ta rubuta, in ta dawo ta duba ta rubuta. Ranar da aka yi ruwa kwana biyu kafin nan takan sa alama da ja. Ɗakin kuwa kamar da gangan, yau ashirin da bakwai, gobe ashirin da tara, jibi ashirin da bakwai da rabi.

Mijinta mutum ne mai barkwanci, ba abin da ba ya mayarwa wasa. Wata Asabar ya shiga ɗakin neman tsohuwar waya ya ga ma'aunin, ya fito yana dariya.

"Malama, ƙwai za ki ƙyanƙyashe mana a ɗakin Baba? A faɗa min in sayo dusa."

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ta ɗauko littafin da katin ta ajiye masa a cinya, ta yi masa bayani tiryan-tiryan kamar ɗalibi. Ya saurara har ƙarshe. Bai gane log ba, amma ya gane matarsa.

"To ai ba za ki samu ba," ya ce a hankali. "Rannan an ɗauke wuta wajen tara, na tuna don ina kan tsani aka ɗauke. Kafin nan fanka na juyawa, bayan nan ta tsaya. Wanne za ki sa a ciki?"

"Ba ka taɓa faɗa min ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba. Taga fa? A buɗe kika same ta, ko ku kuka buɗe?"

Ta rufe ido ta koma ɗakin. Ta ga mayafin, ta ga tabarau a kan keken, ta ga takalmansa a jere. Tagar ce ta ƙi zuwa. Wani lokaci ta gan ta a buɗe labule na motsi, wani lokaci a rufe.

"Ki bar wa Allah," ya ce. "Kwanansa ne ya ƙare."

"Na san kwanansa ne ya ƙare, Maigida. Ƙarfe nawa ya ƙare nake tambaya."

Ya mayar mata da littafin da hannu biyu.

Shekara ta kewayo. Wata yamma suna zaune da Nas a tsakar gida suna tsinke zaren wani tsohon labule, hira ta kai su kan marigayi, yadda yake wa yara faci kyauta yana musu faɗa. Nas ta yi ajiyar zuciya.

"Allah sarki Baba Tela. Ni kuwa har ranar ma kamar na jiyo kekensa da safe, ina shanya."

Malama ta ajiye labulen. "Ranar?"

"Eh, ranar da... ko kuwa Litinin ce?"

"Ƙarfe nawa, Yaya?"

Nas ta kalli fuskarta ta gane ta yi ɓarna. Ta fara kame-kame. Ta ce ai kusan kullum tana jin keken, kunne ya saba, ta yiwu ma na telan bayan layi ne. Ta ce ita fa shanya ba ta da rana. Malama ta matsa mata, ta tuna mata wane kaya ta wanke, ko ta je aiki ranar, har Nas ta fashe da kuka ta ce don Allah ta ƙyale ta, ba ta sani ba.

In da gaske an ji keke, to lafiyarsa lau sa'ad da ta kira, ya ji ta sarai ya yi shiru, ya tashi ya yi ɗinki, kofin shayin 'yarsa na bakin ƙofa ya ƙi ɗauka. Wannan ba ya cikin lissafin ko ɗaya. Bayan wannan hirar ne ta fara jin keken da kanta. Ba kullum ba. Takan fito da jaka bakwai da kwata, rana ta fito, masu kai yara makaranta na wucewa a waje, tana zuwa daidai ƙofar sai ta ji taka uku ko huɗu, kat-kat-kat, irin na mai gwada zare, sai shiru. Ta san keken a lulluɓe yake, da hannunta ta lulluɓe shi, bel ɗin ma ya tsinke. Takan tsaya da hannu a sama kamar za ta ƙwanƙwasa, ta kasa ƙwanƙwasawa, ta kasa tafiya, sai an yi mata hon a waje ko wani ya yi sallama. Sau biyu shugaban makaranta ya kira ta a kan makara, ita da a da ake saita agogo da isowarta.

Ta rame. A aji tana nan da ƙoƙarinta, ta koyar da ƙwayoyin cutar da ke ninkuwa kowace awa, da ƙarar injin da ake aunawa, da maganin da ke raguwa rabi-rabi a jini. Amma shekara uku a jere in an zo tambaya ta tara sai ta tsallake. Yara suka lura, har suka ƙirƙiro cewa wai Malama Bari-mu-ce tsoron gawa take.

A shekara ta huɗu aka kawo tambayar a jarrabawar gwaji, ba yadda za ta yi, dole ta warware musu a allo. Ta yi ta ne da murya ƙasa-ƙasa, ba ɗan sanda ba kaza. Tana ja layi biyu a ƙarƙashin amsa sai wata yarinya da ke zama a gaba, siririya mai yawan tambaya, ta ɗaga hannu.

"Malama, ni wani abu ne ban gane ba. Ɗaki ai ba ya tsayawa a zafi ɗaya. Namu da safe sanyi, da rana kamar tanda. Wane ne za a sa?"

"Littafi ya ce mu ɗauka bai canza ba."

"To amma in mutumin gaske ne fa?"

Ajin ya yi dariya. Malama ta daɗe tana kallon yarinyar, har dariyar ta mutu da kanta.

"In mutumin gaske ne," ta ce, "kin fi littafin gaskiya. Zauna."

Abin da yarinyar ta faɗa ba sabo ba ne gare ta, mijinta ma ya faɗa. Amma jin sa a cikin ajinta, a gaban allonta, ya sa ta yanke shawarar abin da ta shekara huɗu tana gudu. A ƙarshen makon ta nemi likitan nan. Ya bar aiki, an ce yana zaune a gidan ɗansa a wata unguwa mai nisa. Ta shiga mota biyu. Ta same shi a bayan gida da tsohuwar singileti, yana ɗaure tumatir a jikin sanda, kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Ya gane rubutunsa a katin kafin ya gane ta.

Ta buɗe masa littafin, shafi bayan shafi. Ya sa tabarau ya bi lissafin da yatsa mai ƙasa, yana gyaɗa kai.

"Lissafinki ba kuskure," ya ce. "Na kofin shayi ne. Mutum ba ya hucewa haka, 'yata. Wani yakan yi awa biyu, uku, zafinsa bai motsa ba, sannan ya fara sauka. Ga mayafi, ga katifa, ga ƙibar mutum ko ramarsa. Kuma wa ya ce miki daga talatin da bakwai ya taso? Mai irin ciwonsa wani lokaci jikinsa kan ɗauki zafi kafin ya cika, ya kai talatin da tara ko fiye."

"In daga talatin da tara ne, lokacin zai ja baya."

"Zai ja. In kuma ya daɗe bai fara hucewa ba, ya ƙara ja. In ɗakin ya fi zafi, ya matso gaba. Ma'aunin Nas daban, nawa daban, ko su ma ba lalle bakinsu ɗaya ba. Da alƙali ne ya tambaye ni, zan ce tsakanin asuba da ƙarfe goma, ba zan ƙara ko minti ba."

Ta kalli tumatir. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta.

"Likita, da na shiga fa?"

Ya ce ta maimaita, ya juyo mata da kunnen mai ji. Ta maimaita.

Tsohon ya zauna a kan wani bokiti da aka kife. "Kina so in ce da ba abin da zai canza. Na iya faɗin haka, na faɗa wa mutane da yawa, sun tafi sun yi barci. Amma ke in na faɗa za ki ce in nuna miki yadda na samo." Ya cire tabarau. "Ban sani ba. Wataƙila gawa za ki tarar. Wataƙila ki same shi yana numfashi, mu kai shi asibiti ya cika a can. Wataƙila ya tashi da rabin jiki ya yi shekara biyar. Na ga kowanne. Abin da na gani da idona shi ne shimfiɗarsa ba ta yamutse ba, mayafin na nan daidai. Bai yi fama ba. Wannan kaɗai zan iya ba ki."

Ta yi godiya. Ya cika mata leda da tumatir, rabi ɗanye, ya rako ta har bakin titi yana ba ta labarin tsutsar da ke cinye masa ganye.

Ranar Litinin ta mayar wa malamin kimiyya ma'auninsa. Ya juya shi a hannu ya ce shi ai tuni ya rubuta a littafin kaya cewa ya fashe. Ta ci gaba da koyar da tambaya ta tara kowace shekara har ta yi ritaya, sai dai ta ƙara doka guda. Duk wanda ya samu amsa sai ya rubuta a ƙarƙashinta abin da ya ɗauka ba tare da ya gani ba: cewa ɗakin bai canza ba, cewa ma'aunin bai yi ƙarya ba. Wanda bai rubuta ba, ko amsarsa daidai ce, takan cire maki ɗaya. Yara suka yi ta gunaguni, wani uba ma ya zo har makaranta a kan makin nan, ta ba shi kujera ta saurare shi, ba ta mayar ba.

Bayan ta bar aiki gwiwoyin mijinta suka gaji da hawa tsani, ya ce yana so ya mayar da ɗakin bakin ƙofa shagon ƙwan lantarki da soket, a fasa ƙofa ta waje. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Ta ce ya yi. Keken ta ba wa babbar 'yarsu. Abu ɗaya ta roƙa, a cire ƙofar ɗakin ta cikin gida.

"A kai ta ina?" ya ce.

"Ko'ina, in dai ba a tsaye ba."

Ya kwance ta da kansa, ya ɗora ta a kan bulo huɗu a cikin shagon, a kanta yake warware waya.

Yanzu ta haura sittin. Da yamma 'yan matan layin masu shirin jarrabawa kan zo da littattafansu ta duba musu a baranda, ba ta karɓar komai, kuma har yanzu in x ya haye rufi takan riƙe ƙugu. Keken ya daina yi mata ƙara, sai jefi-jefi, in an yi ruwa. Littafin awon yana cikin akwati, ba ta buɗewa, don ba ta bukata, lambobin uku suna kanta. Akwai safiyar da takan tashi a kan ashirin da bakwai, ta yi shara tana 'yar waƙa, ta tsokani Nas ta kan katanga. Akwai wadda takan tashi a kan talatin. Mijinta kan gane tun daga yadda ta amsa gaisuwa. A irin wannan ranar ba ya barkwanci. Yakan ɗauko rediyon da ba abin da ya same shi, ya zo kusa da ita ya zauna, ya kwance shi ya yi ta gyara har azahar.